Yadda Za Ka Sayo Tauraron Ƙwallon Kwando da Albashin Mutumin Kirki

Idan kai ne babban manajan ƙungiyar ƙwallon kwando a nan Amurka, kuma mai ƙungiya ya fara kiranka kafin ka karya kumallo, to wannan darasi naka ne. Sunana Corwin Haskell. Shekara tara na yi ina riƙe da ƙungiyar Louisville, na shigo da mutane na fitar da mutane sama da sittin, kuma ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando a gaban jama'a ba. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin ƙarfe uku na ranar rufe kasuwar musaya tauraro zai zama naka. Alkawarina kuwa sananne ne a wannan sana'a, duk wanda ka tambaya zai ba ka labari.

Mataki na ɗaya: Ka san wanda kake yi wa aiki

Kada ka ruɗi kanka cewa cin kofi aka ɗauke ka yi. An ɗauke ka ne don kada wani attajiri ya ji kunya a wajen liyafa.

Nawa attajirin shi ne Mista Vandermeer, wanda ya yi kuɗi da filayen ajiye motoci, kuma har yau yana kallon filin wasa ne yana lissafin mota nawa zai ci. Wata safiya a watan Yuni ya kira ni.

"Haskell, jiya wani ya tambaye ni sunan ɗan wasanmu mafi shahara, sai da na yi kamar tari ya sarƙe ni."

"Yallaɓai, ai bana mun ƙare a na shida. Yaran suna tasowa."

"Ban tambaye ka yara ba. Jikata ta zo gidana sanye da rigar wani Jaquan Merriweather. Shi nake so."

Merriweather yana bugawa San Diego, yana karɓar dala miliyan arba'in a shekara, gwiwarsa ta hagu ta sha wuƙar likita sau biyu, kuma ya yi sanadin korar koci uku. Duk wannan ka sani, saboda haka sai ka ce, "Yallaɓai, tunanina ke nan tun makon jiya." Manajan da ya faɗa wa mai ƙungiya gaskiya, a gidan rediyo yake ƙarasa rayuwarsa yana sharhi.

Mataki na biyu: Ka haddace dokar da aka ɗauke ka ka tsallake

Masu ƙungiyoyin gasar nan attajirai ne da ba su yarda da kansu ba. Sai suka zauna suka ja layi, suka ce jimlar albashin 'yan wasan ƙungiya kada ta wuce nan. Wannan ita ce iyakar albashi. Daga nan kowannensu ya koma gida ya ɗauki lauya huɗu da za su nemo masa hanyar tsallake layin. Kai ne na biyar, kuma kai ne wanda za a kora.

Abu biyu kawai za ka riƙe. Na farko, idan ƙungiyarka ta wuce iyakar, kuma ta wuce, ba ka da ikon zaro kuɗi ka sayi ɗan wasa. Sai dai musaya, albashi ya fita albashi ya shigo, kuma dole su kusanci juna. Kafin in shigo da mai miliyan arba'in, sai na fitar da mutanen da albashinsu ya kai talatin da biyu.

Na biyu, can sama da iyakar akwai wani layin, wanda duk ƙungiyar da ta haura shi za ta biya harajin almubazzaranci, tara mai sa attajiri ciwon ciki. San Diego ta haura shi da miliyan bakwai, shi ya sa ma suke son rabuwa da Merriweather. In suka fitar da arba'in suka karɓi talatin da biyu, sun sauko da takwas, sun shige ƙarƙashin layin da miliyan ɗaya tak. Ka riƙe wannan miliyan ɗayan a ranka, za mu dawo kansa.

Na duba 'yan wasana. Akwai biyu da San Diego ke so, albashinsu a haɗe miliyan sha huɗu. Saura sha takwas, kuma ba ni da mai ɗaukar sha takwas. Ƙaramin manaja a nan yake karaya. Babban manaja, in ba shi da mai albashin sha takwas, ƙera shi yake yi.

Hikima kyauta: ɗan wasa yana da tsawo, yana da nauyi, yana da iyali. Cikin ukun nan ba wanda yake shiga na'urar lissafi.

Mataki na uku: Ka nemi mutumin kirki

Kada ka zaɓi mai wayo, kada ka zaɓi mai dillali mai kaifin baki. Ka nemi wanda yake riga kowa zuwa atisaye, wanda ya san sunan masu gadi, wanda in ka ce masa zauna a benci zai ce to.

Nawa shi ne Lemuel Batiste. Shekara sha ɗaya yana tare da mu, shekarunsa talatin da uku, kwantiraginsa ya ƙare a wancan Yuni. Ba ya cin maki da yawa. Aikinsa shi ne ya tsaya ƙarƙashin kwando a doke shi da gwiwar hannu domin wasu su samu sarari. A kasuwa kuɗinsa bai wuce miliyan shida ba, shi ma ya sani. Ya sallami dillalinsa tun shekara biyu da suka wuce, wai don me zai biya wani ya yi masa magana da mutanen da suka zama 'yan uwansa.

Irin wannan mutumin kake so. Ka ba shi sha takwas a shekara, shekara biyu. 'Yan jarida za su ce ka haukace, wasu su ce ka san darajar amana. Ka bar su duka, ai ba mutum ka saya ba, lamba ka saya, shi kuwa buhun da aka zuba ta ne.

Mataki na huɗu: Ka je gidansa ka ci abinci

Wannan ba a ofis ake yinsa ba. Ka bari ya gayyace ka ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ka je ba tare da laktaye ba, ka ci har ka nemi ƙari.

Matar Lemuel, Odessa, ta yi miyar kuɓewa da jatan lande irin ta mutanen Louisiana, da shinkafa da burodin masara. A kan teburin akwai mahaifinsa, Baba Alcide, a keken guragu. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi bara, Lemuel ya ɗauko shi daga kudu ya dawo da shi wajensu, kuma sai da suka yi wata shida kafin su sami likitan da tsohon ya yarda ya buɗe wa baki. A gidan haya suke mai hawa biyu, kullum Lemuel ne yake goya shi zuwa sama.

Da na faɗi kuɗin, Lemuel ya ajiye cokali ya rufe fuska da hannu. Tsohon ya ce, "Nawa ya ce?" Aka maimaita masa a kunnen da yake ji. Ya miƙo mini hannunsa mai lafiya ya ce, "Ɗana, zo nan." Daga ranar ban sake jin sunana a bakinsa ba, sai ɗana.

Odessa ce kawai ba ta daina zuba miya ba.

"Mista Haskell, shekara bakwai na yi a ofishin inshora. Abin da na koya shi ne, in aka ba mutum ninki uku na abin da ya nema, akwai shafin da ba a so ya karanta."

A nan za ka dafa ƙirji. Ni na dafa.

"Misis Batiste, Lemuel a garin nan zai ajiye takalmansa. Ranar da ya yi ritaya, da hannuna zan rataye rigarsa a rufin filin wasa don karrama shi. Ku sayi gida, ku kafa ƙusa a bango."

"To madalla. Tunda ba inda za shi, sai a ƙara mana layi ɗaya. In aka yi musaya da shi, a ba shi kuɗin ƙaura, kashi sha biyar cikin ɗari. Ai ba zai ci maka ko dala ɗaya ba."

"Haba Odessa," in ji Lemuel, "mutumin nan abincinmu yake ci."

"Shi ya sa nake tambayarsa yanzu, kafin ya haɗiye."

Ka lura da kyau, in ka ƙi, ka tona kanka. Saboda haka ka yi dariya ka yarda. Kada ka damu, doka ta ba ɗan wasa damar ya yafe kuɗin ƙaura da sa hannu ɗaya, kuma a sana'ar nan an saba suna yafewa. Mutumin da bai taɓa ce maka a'a ba a shekara tara, ba a kan takarda ɗaya zai fara ba. Haka na faɗa wa kaina a mota, ina sakace.

Mataki na biyar: Ka jira, fuskarka a sake

Doka ta hana a yi musaya da wanda ya sa hannu sabo sai an shiga hunturu. Wannan watanni ne masu wuya, domin za ka dinga ganinsa kullum.

Lemuel ya sayi gida marar bene, minti goma daga asibitin babansa. Ya fasa matakalar ƙofa ya zuba gangaren siminti saboda keke, ya faɗaɗa ƙofar banɗaki, ya nuna mini hotuna a wayarsa ɗaya bayan ɗaya. Idan naka ya yi haka, ka ce, "Kai, ya yi kyau." Ka sa a manna hotonsa a jikin filin wasa da rubutu a ƙasa mai cewa ɗan gida. Ka koma cin miya, ni sau biyar na koma. Ka gaya wa koci ya riƙa ba shi minti sha biyu kawai a wasa, domin in buhu ya yage ba mai karɓar abin da ke ciki.

Idan ka ji wani abu yana motsi a ƙirjinka, kuɓewar ce.

Mataki na shida: Kada ka faɗa masa da bakinka

Ranar rufe kasuwa Alhamis ce a watan Fabrairu, ƙarfe uku na rana ake kulle ƙofa. Da sha ɗaya da rabi ni da manajan San Diego muka gama magana: Merriweather ya zo, Lemuel da 'yan wasa biyun nan su tafi.

Manaja mai tarbiyyar ƙauye zai sauka ƙasa ya kira mutumin gefe. Kai ba haka za ka yi ba. Akwai ɗan jarida ɗaya da duk manajoji ke ciyarwa da labari, shi kuma ya saka musu da kiransu masu hangen nesa. Ka tura masa saƙo. Cikin minti biyu duniya ta sani, mai ƙungiya ya ga sunansa a talabijin, kai kuma an ɗauke maka nauyin kallon idon kowa.

Da sha biyu Mista Vandermeer ya kira ni, a karon farko ya ce mini Corwin. Ya riga ya sa a fara buga riguna.

Mataki na bakwai: Ka tuna da miliyan ɗayan nan

Ƙarfe ɗaya da kwata manajan San Diego ya kira, muryarsa ta canja.

"Corwin, me ye wannan a shafi na sha tara na kwantiragin Lemuel?"

"Kuɗin ƙaura ne. Mu za mu biya, ba ku ba."

"Ku za ku biya, amma a littafinmu ofishin gasa zai rubuta shi. Sama da miliyan biyu ne. Sararin da nake da shi miliyan ɗaya ne, kai ma ka sani. In na karɓe shi haka, ina nan saman layin haraji, to me na yi ke nan? Ko ya yafe kafin uku, ko a fasa. Ka dai riga ka yi magana da shi, ko?"

Amsar da za ka bayar ita ce, "Ai yaronmu ne."

Na sauka filin atisaye, aka ce ya tafi gida tun sha biyu da kwata. Na kira, wayarsa a kashe. Na ɗauki takardar yafe kuɗin da alƙalami na shiga mota, gishirin da aka zuba a titi don narkar da ƙanƙara yana fallatsa a gilashi.

Mataki na takwas: Ka roƙa, bi da bi

Ka hau gangaren simintin kamar ba ka gan shi ba. Odessa ce ta buɗe mini. Ba ta ce shigo ba, ta dai matsa gefe. Lemuel yana zaune a kicin da rigar atisaye, takalmi ɗaya a ɗaure ɗaya a kwance. Agogon murhu ya nuna biyu da minti ashirin.

"Ka rage murya," in ji shi. "Baba yana ɗaki, bai sani ba."

Na ajiye takardar na yi bayani.

"Ina ɗaure takalmi na ga kowa ya yi shiru," ya ce. "Mutum sha huɗu suna kallon waya, ba mai kallona. Ofishinka hawa ɗaya ne daga wajen, Corwin. Matakala ashirin da biyu, na sha ƙirgawa."

Ka fara da amana. "Ka yi don ƙungiya, Lemuel."

"Wacce? Wadda ta sayar da ni, ko wadda na yi wa tsada?"

Sai ka koma kan yanayi. "San Diego akwai rana. Gwiwoyinka za su gode maka."

"Wata shida muka yi kafin Baba ya yarda da likita. Kai za ka je ka gaya masa a sake sabon lale?"

Sai tsoratarwa. "Garin nan ya riga ya ga Merriweather a rigarmu. In ka hana, duk sanda ka taɓa ƙwallo ihu za su yi maka."

Odessa ta ce daga bakin ƙofa, "Su yi. A gidansa zai kwana."

In duk sun ƙare, ka fito da gaskiya, amma ƙarama. "In ba ka sa hannu ba, yau za a kore ni."

Ya daɗe yana kallona. "Na sani. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, tun da ka shigo tausayinka nake ji." Ya jawo takardar gabansa, ya ɗauki alƙalamin, har ya cire murfin. "Tambaya ɗaya. Ranar da ka zauna a teburina Baba ya kira ka ɗansa, ka riga ka san me za ka yi da ni?"

Ka buɗe kunnenka, domin duk darasin nan saboda wannan wajen na rubuta shi. Ka ce a'a. Ka faɗa da sauri, kana kallon idonsa, ka ce abin daga sama ya zo, kai ma an fi ƙarfinka. Zai yarda, domin so yake ya yarda, kuma zai sa hannu. Ƙarya ce ƙarama a kan waɗanda ka riga ka yi.

Ni shiru na yi. Bai wuce daƙiƙa huɗu ba, kuma har yau ban san me ya riƙe mini harshe ba. Kunya ce ta kama ni, a lokacin da ba ta da amfani ga kowa.

Ya mayar da murfin alƙalamin ya turo mini. "Kada ka manta da shi, mai tsada ne." Sannan ya ce, "Baba ya ji muryarka. Ka shiga ka gaishe shi yadda ka saba."

Na shiga. Tsohon yana gaban talabijin ɗinsa da ba ya taɓa buɗe wa murya, wai masu sharhi surutu ne da su.

"Ɗana, yau Lahadi ce ban sani ba?"

"Alhamis ce, Baba. Wucewa nake."

Ya kama hannuna ya riƙe. Ya ba ni labarin yadda yanzu yake iya fita har bakin titi da kansa saboda gangaren nan, ya sa mini albarka don na zaunar musu da yaro a gida. Wayata tana ta rawa a aljihu. Hannuna yana cikin nasa ƙarfe uku ta buga.

Mataki na tara: Ka bar wayarka a kunne

Ina tsaye a jar danja a hanyar komawa na ga ɗan jaridar nan ya wallafa cewa ƙungiyar Louisville ta rabu da babban manajanta. Mista Vandermeer bai kira ba, har yau. Ban ga laifinsa ba, mataki na shida ya bi, kuma a wajena ya koya.

Merriweather ya zauna a San Diego, gwiwar ta sake tashi a watan Maris. Wannan bai sa garinmu ya yafe wa Lemuel ba. Sauran kakar duka, da ya taɓa ƙwallo mutum dubu sha takwas suke miƙewa suna yi masa ihu, mutanen da suka shekara sha ɗaya suna kallo ana fasa masa baki dominsu. An cire hotonsa daga bango. Odessa ta ce in tsohon ya ga jama'a sun miƙe a talabijin ɗinsa marar murya, yakan buga hannun kekensa ya ce, "Ku dubi yadda garin nan yake son yaron nan."

Sanarwar wanke hannu

Marubucin wannan darasi ba shi da alhakin korarka, ko harajin da zai hau kan mai ƙungiyarka, ko riguna dubu huɗu da aka buga da sunan mutumin da bai zo ba. Ba ya mayar da kuɗi. Ba shi da alhakin matar da ta taɓa aiki a ofishin inshora, ai an gaya maka ka bincika. Matakan nan lafiyarsu lau, ni ne na kasa ɗaya, in kai ma ka kasa wannan tsakaninka da tarbiyyar da aka yi maka ne.

Haka kuma ba ruwan marubuci idan kowace Asabar da hantsi wayarka ta yi ƙara, ka ɗauka ka ji mace ta miƙa wa wani wayar ba tare da ta ce maka uffan ba, sannan muryar tsoho ta ce, "Ɗana, gobe akwai miya, kujerarka na nan, me ya ɓoye ka?" Kada ka rubuto kana tambayata abin da za ka ce masa. Shekara guda ke nan ina ce masa na yi tafiya, shi kuma yana ce mini Allah ya dawo da ni lafiya.